Direba Biyu a Kujera Ɗaya

Wani direba ne a tashar Gumel, sunansa Sallau, yana jigila zuwa Maigatari da wata tsohuwar Fijo mai dogon baya. Motar ba tasa ba ce. Ta goggonsa ce, Hajiya Tabawa, wadda ta yi shekara da shekaru tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli har ta tara ta saya. Tsohuwar ba ta taɓa shiga aji ba, amma ranar da ta sayi motar ta sa aka yi mata babbar inshora, ba irin 'yar takardar nan da direbobi ke saya don nuna wa 'yan sanda ba, irin wadda in mota ta daku kamfani ne zai gyara. An gaya mata sharaɗi guda, ta kuwa riƙe shi gam: in wanda ba shi da lasisi mai rai ya tuƙa motar ta yi haɗari, ko sisi ba za a biya ba. Duk shekara tana sabuntawa tana tsaki, tana cewa mutanen nan suna cin guminta a zaune.

Sallau ya iya tuƙi, wannan ba mai ja da shi. Hankali ne dai bai samu da yawa ba. Gudu kamar an biyo shi, waya maƙale a kunne, fasinja har cikin but. Jami'an kiyaye haɗurra suka kama shi suka yi masa gargaɗi, suka sake kamawa suka sake gargaɗi. Ranar da suka buɗe but suka tarar da mutum biyu da akuya suna kallonsu, sai suka miƙa shi kotu. Alƙali ya dakatar da lasisinsa na wata shida, ya ce in aka sake ganinsa yana tuƙi kafin wa'adin ya cika, gidan yari ne, ba tara.

Da ya kawo wa Goggo labari tana gaban kasko, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka nemo direba mai lasisi," ta ce tana juya ƙuli. "Kai ka koma karen mota, ka riƙa ɗaure kaya."

"Goggo, ni? Karen mota? Da gemuna?"

"Gemun zai hana ka ɗaga buhu ne?"

Sallau ya fita yana huci. Abu biyu ke cin ransa. Na farko, dariyar 'yan tasha in suka gan shi a saman mota yana jan igiya. Na biyu, wanda ya fi tsaya masa a wuya, ya san in direban kirki ya shiga motar nan, Goggo ta ɗanɗani tafiya a natse, ta ga taya tana kai shekara, to makullin nan ya bar hannunsa ke nan har abada.

A bakin tashar akwai wani tela, Tanimu, abokin hirarsa. Tanimu yana da lasisi sabo fil a cikin aljihu. Lokacin da ya je buɗe asusu a banki ne aka ce sai ya kawo katin shaida, wani ya yi masa hanya, aka ɗauke shi hoto, lasisi ya fito. Tun da uwarsa ta haife shi kuwa, in ban da keken ɗinki, bai taɓa tuƙa komai ba.

Sallau ya ja benci ya zauna kusa da shi.

"Tanimu, ranar Alhamis kai ne direba."

"Direban me?"

"Fijon Goggo. Kai dai ka riƙe sitiyari ka yi fuskar direba."

"Yaya fuskar direba take?"

"Ka ɗaure ta tamau, ka sa tsinken sakace a baki. Kowa ya gaishe ka, ka ɗaga masa haɓa kawai."

Tanimu ya tsayar da keke. "Birki fa? Na ji an ce akwai birki."

"Ƙasa duk nawa ne. Kai sama, ni ƙasa."

Wanda bai san hanyar nan ba zai ce zancen banza ne, amma ranar kasuwa mutum huɗu ake zubawa a gaban mota: biyu a kujerar fasinja, ɗaya kuma ya raba kujera da direba, su matsu kamar kifin gwangwani. Kowa ya saba gani, ba mai waiwaye. Dabarar Sallau ita ce Tanimu ya zauna ta wajen ƙofa, inda jami'i zai ga fuskarsa ya karɓi lasisi ta taga. Shi kuma ya zauna ta ciki a matsayin fasinja, ya miƙa ƙafafu a karkace kan kuloci da birki da totur, hannun dama a kan giyar mota, na hagu kuma ya zura shi ƙarƙashin babbar rigar Tanimu ya riƙe gindin sitiyari da yatsu. A lissafinsa, alƙali ya hana shi zama direba ne, shi kuwa ga shi fasinja.

Ranar Alhamis Goggo ta zo da jarkokin man gyaɗa, ita ma za ta kasuwa. Sallau ya gabatar mata da sabon direba, cikin babbar riga mai sitaci da tsinke a baki.

"Kai ba tela ba ne?"

"Ina taɓa duka biyun, Hajiya."

"Kawo katin."

Ta karɓa. Rubutun bai dame ta ba. Ta dubi hoton, ta dubi Tanimu, ta sake duban hoton.

"Kunnuwan dai naka ne," ta ce, ta miƙa masa.

Aka loda mota har ta durƙusa. Goggo ta shiga gaba ita da wata mai sayar da daddawa. Da ta ga Sallau yana cusa kansa kusa da direba sai ta harare shi.

"Kai kuma me kake nema a nan?"

"Goggo, wurina na baya na bar wa fasinja. Kin ga kuɗin mutum ɗaya ya ƙaru."

"Yau dai ka yi tunani."

Mota ta tashi lafiya lau. Sallau na sauya giya, yana taka abin takawa, yana murɗa sitiyari ta ƙarƙashin riga. Tanimu ya ƙanƙame saman sitiyarin da hannu biyu, ido a zare, gumi na bin wuyansa, yana karanto duk addu'ar da ya sani a ƙasan maƙoshi. Har Goggo ta ce wa mai daddawa, "Kin ga direba mai tsoron Allah. Tun da muka taso bakinsa bai huta ba."

Can gaba suka iske shingen jami'an kiyaye haɗurra. Sallau ya rage gudu, ya tsaya, ya zare hannunsa, ya karkata jiki wajen su Goggo kamar ba ruwansa. Jami'in da ya leƙo ya san shi sarai.

"A'a, Sallau. Me kake yi a nan?"

"Fasinja ne ni, yallaɓai. Ko shiga motar ma an dakatar da ni?"

Jami'in ya karɓi lasisin Tanimu, ya juya gaba ya juya baya, ya ga ba abin cewa. Ya yi musu faɗan lodi, ya ce kada ya sake gani, sannan ya buga saman motar ya ce, "Direba, a yi a hankali."

To wannan kalmar ita ta lalata komai. Mai kaki guda ya dubi Tanimu ya kira shi direba. Ba su yi nisa ba gumi ya bushe, addu'a ta tsaya, gwiwar hannu ta fita ta taga. Da Sallau ya sake zuro hannu ƙarƙashin riga, sai ya ji an make shi.

"Bari," in ji Tanimu a hankali. "Na gane abin."

"Ka gane me?"

"Ai ba wuya. Bin layi ne kawai, kamar kalmasa."

"Tanimu, don girman Allah."

"Ka ji abin da mutumin ya kira ni ko ba ka ji ba?"

Hanyar ta miƙe samɓal, ba kwana ba rami. Shi kuwa tela, in ya samu dogon ɗinki a miƙe, ƙafarsa ba ta neman izininsa. Tanimu ya ɗora ƙafa a kan ƙafar Sallau da ke bisa totur, ya fara yi mata irin yadda ya saba: danna, saki, danna, saki. Mota ta shiga zabura tana lafawa, tana zabura tana lafawa. Fasinjoji gaba ɗaya suka shiga gyaɗa kai kamar ƙadangaru a kan katanga. Jarkoki na kaɗawa a but, ƙunshin daddawa ya faɗo.

"Wane irin tuƙi ne wannan?" in ji Goggo.

"Na zamani ne, Hajiya. Yana rage shan mai."

Sallau na kokawar zare ƙafarsa ke nan, sai ga raƙumi ya sako wuya kan titi, yana tafiyarsa ta ƙasaita.

"Hagu," in ji Sallau. "Kaɗan. Kaɗan na ce!"

Tanimu bai san kaɗan ba. Ya sa tafin hannu ya wulwula sitiyari yadda yake wulwula kan keke in zai tayar da ɗinki. Mota ta bar titi, ta ratsa tsakiyar tulin kankana da aka kasa a gefen hanya, ta je ta rungumi wata kuka ta tsaya. Raƙumin ko waiwaye bai yi ba.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya karye. Amma kankana ta shigo ta kowace taga. Wani dattijo a baya ya dubi farar rigarsa ya gan ta jajur tun daga wuya har cinya, sai ya kwanta a jikin maƙwabcinsa ya fara wasiyya, yana cewa a gaya wa ƙaninsa gonar fadama ta yara ce, kada ya taɓa. Wata mata ta leƙa ƙirjinsa ta ce, "Malam, jinin naka har da 'ya'ya a ciki?" Ya shafa, ya lasa, ya tashi zaune, ya ce maganar gona kuma a bar ta a nan.

Goggo ta fito, ta gyara mayafi, ta zagaya motarta a natse. Gaban ya lotse kamar gwangwanin da jaki ya taka, ruwa na tsiyaya ta gaba, man gyaɗa na tsiyaya ta baya.

"To," ta ce. "Yau dai mutanen nan za su amayo abin da suka ci."

Sallau ya kau da kai, don shi ya san abin da ke ƙasa.

Kamfanin inshora ya turo wakilinsa, wani saurayi mai kwat da ƙamshin turare. Bai sha wahala ba. Ya shiga tasha ya tambayi wane ne Tanimu direba, 'yan tasha suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, suka nuna masa shagon ɗinki. Nan da nan kamfani ya ce ba zai biya ba, wanda aka dakatar ne ya tuƙa. Jami'ai kuma suka sake maka Sallau a kotu, gaban alƙalin nan dai na farko.

Da safe a bakin kotu Sallau ya ja Tanimu gefe.

"Ka ce kai ka tuƙa. Ko me aka tambaye ka, kai ka tuƙa."

"To da wa ya tuƙa?" in ji Tanimu, yana gyara tsinken bakinsa. Tun ranar bai rabu da shi ba. "In ba don raƙumin nan ba da na kai ku Maigatari."

Sallau ya koma wajen Goggo, ya durƙusa.

"Goggo, in aka tambaye ki..."

"Rufe mini baki. Ka ɗauka ban gane ba? Ni ban taɓa ƙarya gaban alƙali ba, ba kuwa zan fara a kanka ba. Abin da na gani shi zan faɗa. In motata ta tafi, kai ma ka san inda za ka kwana."

Aka shiga. Alƙali ya dubi Sallau ta saman tabarau.

"Kai ne kuma? To ka saurara. Magana ɗaya ce a gabana: wa ya tuƙa motar nan? In kai ne, gidan yari, lasisin kuma a soke shi gaba ɗaya, kamfani kuma ba ruwansa da gyara, mai kankana ma ku za ku ji da shi. In wannan mai lasisin ne, ka tafi gida, kamfani ya gyara. Ina ka zauna ranar?"

"A gaba, ranka ya daɗe. Fasinja."

"A wace kujera?"

"Ta direba, amma gefe-gefe."

"Ƙafafunka fa?"

"Suna ƙasa, ranka ya daɗe, inda ƙafa ke zama."

"Kusa da birki?"

"Wurin a matse yake. Duk inda mutum ya ajiye ƙafa, kusa da wani abu ne."

"An ce an ga hannunka a kan giya."

"Riƙewa na yi kada in faɗa kan Goggo."

Alƙali ya rubuta wani abu, ya ce a kira mai mota. Goggo ta miƙe, ta ƙi kujerar da aka miƙo mata. Sallau ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, kina gaba. Wa kika ga yana tuƙi?"

"Ranka ya daɗe, hannun da na gani a kan sitiyari lokacin da muka shiga kankana na telan nan ne. Da idona na ga ya wulwula shi."

"Ƙafafu fa? Na wa ke kan birki da totur?"

Goggo ta ja mayafi ta rufe kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, na girma na tsufa, na yi jikoki. Ban saba leƙen ƙafafun maza ba."

Kotu ta ɗauki dariya har sai da ɗan sanda ya buga tebur. Sallau ya saki numfashi. Amma wakilin inshora ya miƙe, ya gyara kwat, ya nemi izinin yi wa Tanimu tambaya.

"Malam Tanimu, ina kuloci yake?"

"Yana ƙasa."

"Ta hagu ko ta dama?"

"Ya danganta da inda mutum ya fuskanta."

"Giya nawa motar ke da ita?"

"Ni guda ɗaya na gani, mai baƙin kai."

"Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka," in ji wakilin. "Mutumin nan ko tayar da mota bai iya ba. Wani ne ya tuƙa, kuma mun san ko wane ne."

Alƙali ya sosa gemu. "Rashin iya amsa tambaya ba shaida ba ne. Ga lasisinsa a gabana, da hotonsa, da kwanan wata mai rai. Kai kuma ka ce bai iya ba. Me ka kawo mini?"

"Abu mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. A ba shi mota ya tuƙa a gaban kowa. In ya matsar da ita taku goma lafiya, mun yarda."

Sallau ya fara tunanin wa zai kai masa tuwo gidan yari, don ya san ba Goggo ba. Ya saci kallon Tanimu ko zai ga tsoro a fuskarsa, sai ya tarar mutumin yana naɗe hannun riga.

"A kawo," in ji Tanimu. "Dama na yi kewa."

"Magana ta yi kyau," in ji alƙali. Ya juya wajen ɗan sanda. "Duba mana harabar, wace mota ke akwai? Tawa tana wajen bakanike."

Ɗan sanda ya leƙa ta taga.

"Babura ne, ranka ya daɗe, sai mota guda ɗaya a gindin darbejiya. Fara, sabuwa dal. Ko ledar kujeru ba a cire ba."

"Ta wane ne?"

Wakilin inshora ya dubi rufi, ya dubi takalminsa, ya yi gyaran murya.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Kai ka nemi gwaji, ga mota Allah ya kawo. Ba shi makulli ya kai ta bakin ƙofa ya dawo da ita da baya. In ya kasa, Sallau ya wuce gidan yari, kamfaninku ya huta. In kuwa ka hana, maganarka ba ta da shaida, ku je ku gyara wa Hajiya motarta."

Tanimu ya riga ya matso, ya miƙa tafin hannu. Ƙafarsa ta dama har ta fara aiki a kan siminti, danna, saki, danna, saki.

"Ƙofar ce ƙarama," ya ce yana hangen waje. "Amma ba komai, in na shigo da gudu za ta wuce. Da baya kuma yaya ake yi, mutum ne ke juyawa ko motar?"

Wakilin ya sa hannu a aljihu ya damƙe makulli. Gumi ya keto masa ta cikin kwat.

"Ranka ya daɗe, a duba lamarin nan. Ko wata biyu ba ta yi a hannuna ba. Wallahi mutumin nan kashe mini ita zai yi."

Goggo ta juyo ta dube shi tun daga takalmi har wuyan kwat.

"Ba shi mana, ɗan nan. Tsoron me kake ji? Shi yana da lasisi, kai kana da inshora."